BABI NA UKU: BIRNIN KANO DA DAWOWAR ANNOBAR SANƘARAU A SHEKARAR 1996

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin matakan da hukumomin lafiya suka ɗauka a birnin Kano lokacin da annobar sanƙarau ta sake ɓarkewa a shekarar 1996, tare da duba abubuwan da waɗannan matakai suka haifar a shekarun da suka biyo baya. Mai karatu zai iya tambayar dalilin da ya sa nazarin da ya ta'allaƙa a kan ƙasar Magami da maƙwabtanta na Gusau da Tsafe da Bunguɗu zai tsaya a kan Kano. Dalilan guda biyu ne. Na farko, Kano ita ce babbar matattarar fatake da 'yan cirani da almajirai na ƙasar Hausa, saboda haka duk cutar da ta sauka a can ba ta daɗewa ba ta biyo motocin da ke ratsowa ta Funtuwa da Tsafe zuwa Gusau ba. Na biyu, abin da ya auku a cikin asibiti guda a Kano a wannan shekara ya sauya yadda talakan ƙauye a Zamfara yake kallon mai allura na tsawon shekaru masu yawa.

Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, an yi aikin jinya da na rigakafi mai yawan gaske a shekarar 1996, amma an yi shi a makare. Haka kuma a cikin gaggawar da makarar ta jawo, an yi sakaci da abu guda wanda ya fi magani wuyar samu, wato yardar jama'a.

3.1 Ma'anar Sanƙarau da Yanayin Zuwansa

Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta suna ne daga alamarta da ta fi fitowa fili, wato sanƙarewar wuya, ta yadda majinyaci ba ya iya sunkuyar da kai. A wurin likitoci kuwa, sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Irin wanda yake zuwa a matsayin annoba wata ƙwayar cuta ce take haddasa shi, wadda take zama a maƙogwaron mutum, take kuma yaɗuwa ta hanyar tari da atishawa da cuɗanya ta kusa. Abin lura a nan shi ne, mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsu ba tare da sun kwanta ciwo ba, kuma ta hanyarsu ne take tafiya daga gari zuwa gari. Idan ba a yi magani ba, cutar tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko da an yi magani, akan rasa kimanin mutum 1 cikin 10, sa'annan daga cikin waɗanda suka tashi akan sami masu kurumta da masu shanyewar gaɓoɓi da masu taɓuwar ƙwaƙwalwa.

Masana sun kasa ƙwayar zuwa rukuni-rukuni, kamar rukunin A da C da W da X da Y. Sanin wannan rabe-rabe yana da muhimmanci ga fahimtar tarihin da za a kawo, domin kuwa allurar da aka yi domin wani rukuni ba ta kare mutum daga wani rukunin daban.

A shekarar 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana wani zirin ƙasa a kudu da Sahara inda annobar take yawan dawowa. A yau ana lissafa wannan ziri daga Sanagal har zuwa Habasha, kuma ƙasar Hausa baki ɗayanta tana cikinsa. A wannan yanki cutar takan fara da hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska suke raunana hanci da maƙogwaro, ta yi ƙamari da bazara, sa'annan ta lafa da faɗuwar ruwan farko. Baya ga wannan zuwa na shekara-shekara, akan sami babbar annoba bayan kowaɗanne 'yan shekaru. Tarihi ya nuna an yi irin wannan a Nijeriya ta Arewa a 1905, an yi wata babba a 1949 zuwa 1950, haka kuma an yi wata a Zariya a 1977, wadda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazari a kanta. Ke nan sanƙarau ba baƙo ba ne, kuma lokacin zuwansa ba ɓoyayye ba ne ga hukuma.

3.2 Hanyar da Annobar ta Biyo Kafin 1996

Annobar da ta sauka a Kano a 1996 reshe ce ta wata annoba da ta ratsa nahiyoyi. Wani jinsi na rukunin A wanda aka fara gani a ƙasar Sin ya ɓulla a Nefal a farkon shekarun 1980, daga nan ya kai Makka, inda ya ɓarke a tsakanin alhazai a aikin Hajjin 1987. Alhazan da suka koma gida sun tafi da ƙwayar ƙasashensu. A 1988 da 1989 aka yi annoba a Chadi da Sudan da Habasha. Wannan ne ya sa hukumomin Saudiyya suka wajabta wa maniyyata yin allurar sanƙarau kafin shiga ƙasarsu.

A shekarar 1995 annobar ta iso Jamhuriyar Nijar, ta kama dubban mutane. A wannan lokaci ne ma aka gano cewa wasu alluran da aka kai Nijar gudummawa daga Nijeriya jabu ne, bayan an riga an yi wa mutane fiye da 50,000. Idan aka yi la'akari da irin zirga-zirgar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, da kuma tsakanin Damagaram da Kano, za a ga cewa hukumomin lafiya na Nijeriya sun sami gargaɗin kusan shekara guda cur. Da an yi amfani da daminar 1995 wajen tanadar allura da magani da horar da ma'aikata, da labarin ya sha bamban. Amma dai Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

3.3 Halin da Birnin Kano Yake Ciki

Ƙidayar 1991 ta nuna Jihar Kano tana da mutane kimanin miliyan 5.8, bayan an cire Jihar Jigawa daga cikinta a wannan shekarar. Kaso mai yawa na waɗannan mutane yana cikin birni da kewayensa. A unguwannin cikin ganuwa da Fagge da makamantansu, gidaje a cushe suke, ɗakuna ƙanana ne masu ƙarancin tagogi, kuma da sanyi akan toshe 'yar kafar da ta rage. Bugu da ƙari, rani shi ne lokacin da 'yan cirani da almajirai suke kwararowa birni, suna kwana da yawa a zaure guda ko shago guda. Kasuwanni irin su Kurmi da Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau kuwa kullum a cike suke da baƙi daga kowace kusurwa. Duk waɗannan abubuwa ne da suke sauƙaƙa wa ƙwayar cutar tafiya.

Ta fuskar hukuma, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin soja na Janar Sani Abacha, Jihar Kano kuma tana hannun Kanar Muhammadu Abdullahi Wase. Tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986 ya rage ƙarfin asibitocin gwamnati, har ya zama ruwan dare a rubuta wa majinyaci takarda ya je kyamis ya sayo magani da sirinji da kansa. Shirin lafiya matakin farko wanda ya bunƙasa a zamanin Minista Olikoye Ransome-Kuti ya fara ja da baya tun farkon shekarun 1990, yawan yaran da ake yi wa rigakafi ya ragu ƙwarai. Daɗin daɗawa, dangantakar Nijeriya da ƙasashen Turai da Amurka ta yi tsami bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa a watan Nuwamba na 1995, abin da ya rage taimakon da ake samu daga waje. A cikin wannan hali ne cututtuka uku suka haɗu a Kano a lokaci guda, wato sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa.

3.4 Matakan da Aka Ɗauka

3.4.1 Gano Annoba da Sanar da Ita

A wancan zamani Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin da take amfani da shi. Idan aka sami masu cutar 15 cikin kowane mutum 100,000 a mako, har makonni biyu a jere, to an shiga annoba, sai a fara rigakafin gayya ba tare da jinkiri ba. Wannan ma'auni ba ya aiki sai idan kowane ƙaramin asibiti yana aika rahotonsa na mako-mako zuwa ƙaramar hukuma, ita kuma ta aika jiha. A 1996 wannan sarƙa a tsinke take a wurare da yawa. Babu waya a mafi yawan ƙauyuka, babu motar kai rahoto, kuma ɗakunan gwaji da za su duba ruwan laka su tabbatar da rukunin ƙwayar ba su da yawa. Saboda haka cutar da ta fara bazuwa tun watan Janairu ba ta sami martani mai ƙarfi ba sai da gadajen asibiti suka cika. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin yaƙi da annobar a ƙarƙashin Farfesa Idris Mohammed.

3.4.2 Jinyar Majinyata

Cibiyar jinya a Kano ita ce asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Zana. Asibitin ya cika ya batse, har majinyata suna kwance a kan tabarmi a baranda da fili. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta kafa sansani a cikin asibitin tana ba da magani kyauta. Maganin da aka dogara da shi shi ne allurar kuloramfenikol mai mai, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita domin lokacin annoba. Amfaninta shi ne tana da araha, kuma sau da yawa allura guda ta wadatar, saboda haka ko ƙaramin ma'aikacin lafiya na ƙauye yana iya yin ta. Babu shakka wannan mataki ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Matsalar da aka fi fuskanta ita ce makarar kawo majinyaci, domin sanƙarau yana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, alhali iyalai da dama sukan fara da hayaƙi da rubutu da jiƙo, bisa zaton cewa fizge-fizgen da yaro yake yi aikin iska ne.

3.4.3 Allurar Rigakafi

An gudanar da rigakafin gayya a makarantu da kasuwanni da ƙofar gidajen hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji. A faɗin ƙasa an yi wa mutane fiye da miliyan 13 allura. Wannan adadi babba ne ƙwarai idan aka dubi halin da ƙasar take ciki. Sai dai allurar wancan lokaci tana da rauni ta fuskoki uku. Kariyarta ba ta wuce kimanin shekara uku, ba ta aiki sosai a jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu, sa'annan ba ta kawar da ƙwayar daga maƙogwaron masu ɗauke da ita. Wannan ya sa ba a yin ta sai annoba ta riga ta ɓarke, kuma amfaninta ya dogara ga saurin isowarta. A wurare da yawa ta iso ne bayan cutar ta kai ƙololuwarta. Annobar ba ta lafa sosai ba sai da damina ta sauka.

3.4.4 Sakamakon Annobar

Alƙaluman da Farfesa Idris Mohammed da abokan aikinsa suka fitar sun nuna cewa daga Janairu zuwa Yuni na 1996 an sami mutum 109,580 da suka kamu a Nijeriya, daga cikinsu 11,717 suka rasu. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma, ban da waɗanda aka yi wa sutura a gida. A faɗin Afirka kuwa, a 1996 da 1997 an lissafa masu cutar fiye da 250,000 da mamata kimanin 25,000. Wani abin da ya girgiza jama'a shi ne matakin da Saudiyya ta ɗauka na hana maniyyatan Nijeriya shiga ƙasarta domin aikin Hajjin wannan shekara. A lokacin annobar, Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, domin ba a ƙirƙiri Jihar Zamfara ba sai ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ke nan sabuwar jihar ta fara rayuwarta ne 'yan watanni kaɗan bayan wucewar wannan masifa.

3.5 Gwajin Maganin Trovan

A daidai lokacin da ake cikin wannan hali, wajen farkon watan Afrilu na 1996, kamfanin magunguna na Pfizer da ke Amurka ya turo ma'aikatansa Asibitin Zana domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan. An zaɓi yara 200, aka ba kimanin rabinsu Trovan, sauran kuma aka ba su wani sanannen magani mai suna seftiriyazon domin a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Bayan kimanin mako biyu ma'aikatan kamfanin suka tattara kayansu suka tafi, alhali annobar tana ci gaba.

Maganar ba ta fito fili sosai ba sai a watan Disamba na 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta buga bincikenta. Ƙorafe-ƙorafen da aka yi sun haɗa da cewa ba a karɓi amincewar iyaye a rubuce ba, cewa iyaye da yawa ba su san gwaji ake yi ba, ba su kuma san akwai tabbataccen magani kyauta a wurin MSF cikin asibitin guda ba, da cewa an rage yawan seftiriyazon ɗin da aka ba ɗaya rukunin. Haka kuma an yi zargin cewa takardar izinin kwamitin ɗa'ar aikin likita da aka nuna, daga baya aka rubuta ta aka mayar da kwanan watanta baya. A nasa ɓangaren, kamfanin ya musanta aikata laifi. Ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun kuma amince da baki, ya ce yawan waɗanda suka rayu a gwajin ya zarce na sauran wuraren jinya, sa'annan ya ce mutuwa da naƙasar da aka samu aikin cutar ne, ba na maganin ba.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, wanda a rahotonsa na 2001 ya yanke cewa gwajin ya saɓa wa ƙa'ida. Wannan rahoto bai fito ga jama'a ba sai a 2006, shi ma ta hanyar jarida. Shi kuwa Trovan, Amurka ta amince da shi ga manya a 1997, amma a 1999 ta taƙaita amfani da shi saboda illar da yake yi wa hanta, ƙasashen Turai kuma suka dakatar da shi. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano da ta Tarayya suka shigar da ƙara. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan Dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ba a fara biyan diyya ba sai a watan Agusta na 2011, inda iyalai huɗu suka karɓi Dala 175,000 kowannensu bayan gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da dangantakarsu da yaran. Wato shekara 15 ke nan bayan aukuwar abin.

A ra'ayin mai wannan nazari, ko da an ajiye gardamar da ke kan ingancin maganin a gefe, akwai laifin da ya rataya a wuyan hukumomin gida. Asibitin da ya cika da majinyata, ba shi da isassun ma'aikata da magani, ba ya iya tsayawa ya tantance wanda ya zo da taimako da wanda ya zo da buƙatarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

3.6 Tasirin Gwajin a Kan Rigakafin Shan-inna

A shekarar 2003 aka ga abin da rashin yarda yake iya haifarwa. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a a Nijeriya, a ƙarƙashin Dokta Ibrahim Datti Ahmed, wanda shi kansa likita ne, ta yi zargin cewa an gurɓata maganin rigakafin shan-inna da sinadarin hana haihuwa. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Ba za a ce gwajin Trovan kaɗai ne ya jawo wannan ba. Akwai yaƙin da Amurka ta kai Iraƙi a wannan shekarar, akwai daɗaɗɗen zargi a kan shirin ƙayyade iyali, akwai kuma tambayar da talaka yake yi, cewa me ya sa ake bin sa har gida da maganin shan-inna kyauta, alhali idan zazzaɓi ya kama ɗansa sai ya saya. Amma labarin Asibitin Zana shi ne hujjar da masu adawa suka riƙa kafawa, kuma hujja ce da hukuma ba ta iya ƙaryatawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Zamfara da Kaduna sun riga Kano komawa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ba ta amince ba sai a ƙarshen watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan cutar ta sami sarari. Yaran da ta shanye a Nijeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa 1,122 a 2006, ta kuma sake shiga ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da Indonesiya.

Abin da ya gyara al'amarin shi ne komawa ga waɗanda jama'a suka yarda da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka shigo da hakimai da dagatai da limamai da malaman tsangaya da matan unguwa cikin aikin. Duk da haka an sha wuya, domin a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. An ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan-inna ta kama a Jihar Kano a Sumaila a watan Yuli na 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da wannan ƙwaya. Za a ga cewa abin da aka ɓata cikin mako biyu ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya gyaru.

3.7 Dawowar Sanƙarau a Zamfara a 2017

Annobar 1996 ta koya wa duniya darasi. A 1997 aka kafa rumbun ajiyar alluran sanƙarau na ƙasa da ƙasa domin gaggawa. A 2010 aka fito da sabuwar allura mai suna MenAfriVac, wadda aka haɗa a Indiya musamman domin Afirka a kan farashin da bai kai rabin Dala ba. Ita wannan tana daɗewa a jiki, tana aiki ga ƙananan yara, tana kuma kawar da ƙwayar daga maƙogwaro. An fara yin ta a Nijeriya a ƙarshen 2011 ga 'yan shekara 1 zuwa 29, kuma Zamfara tana cikin jihohin farko. Sakamakon haka rukunin A, wanda ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa.

Sai dai kamar yadda aka bayyana a sashe na 3.1, allurar wani rukuni ba ta kare mutum daga wani. Tun a 2013 aka ga wani sabon jinsi na rukunin C a Jihar Sakkwato, a 2014 aka gan shi a Kabi, a 2015 ya yi ɓarna a Nijar. A watan Disamba na 2016 ya ɓulla a Ƙaramar Hukumar Zurmi ta Jihar Zamfara, amma sai a watan Fabrairu na 2017 labarin ya kai ga cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasa da ke Abuja. Rigakafin gayya kuwa bai kankama ba sai a watan Afrilu, da allurai kimanin 500,000, waɗanda suka yi kaɗan ainun. Kafin annobar ta lafa a watan Yuni, an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, 1,166 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha yawan masu cutar. A cikin wannan hali ne Gwamna Abdul'aziz Yari ya danganta annobar da saɓon da mutane suke yi, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II kuma ya soki wannan magana a bainar jama'a, yana mai nuni da cewa allura ya kamata a nemo.

Idan aka kwatanta shekarun biyu za a ga kamanni a fili. A duka biyun an sami gargaɗi daga maƙwabta tun kafin cutar ta iso, a duka biyun rahoto ya makara, allura ta zo bayan an yi asara. Bambancin shi ne, mutumin Kano a 1996 yana da asibiti kusa da shi ko da a cike yake. Mutumin ƙauyukan Magami a 2017 kuwa, idan ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin da ke kusa, sai ya goya majinyaci a babur ko ya jira motar kasuwa, ya bi hanyar Ɗansadau zuwa Gusau, a lokacin da matsalar 'yan bindiga ta riga ta addabi yankin. Ga cutar da take kashewa cikin kwana guda, wannan tazara ita ce tsakanin rai da mutuwa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an yi bayanin ma'anar sanƙarau da yanayin zuwansa, an bi hanyar da annobar ta biyo daga Makka a 1987 zuwa Kano a 1996, an kuma duba matakan gano cuta da jinya da rigakafi da aka ɗauka. An ga cewa ma'aikatan lafiya sun yi aiki tuƙuru, amma rashin shiri ya mayar da yawancin aikin ihu bayan hari. An kuma ga yadda gwajin Trovan ya zubar da yardar da jama'a suke yi wa hukumar lafiya, har abin ya shafi rigakafin shan-inna a Kano da Zamfara da wasu ƙasashe na nesa.

A shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da allurar Men5CV, wadda take kariya daga rukunai biyar a haɗe, wato A da C da W da X da Y. Wannan ci gaba ne babba ta fuskar magani. Amma tarihin da aka kawo ya nuna cewa ingancin allura kaɗai ba ya isa. Ana buƙatar ma'aikacin da zai aika rahoto tun a makon farko, da hukumar da za ta yi tanadi tun da damina, da kuma uban da zai yarda ya miƙa hannun ɗansa domin an gaya masa gaskiyar abin da za a yi masa. A babi na gaba za a duba yadda mutanen Magami da kewaye suke fassara wannan cuta, da kalmomin da suke amfani da su wajen ambatonta da neman maganinta.